Ranar da Kawu Lester Ya Yi wa Keke Rumfa

Shona, ajiye wayar nan. Warwick, matsa daga jikin murhu, ba kai kaɗai sanyi ke ci ba. Kerrin, rufe ƙofa ki jawo kujera. Ban kira ku daga gidajenku don ku shanye mini miya ku tafi ba. Magana ce tsakanin babanku da kawunku Lester, kuma gara ku ji ta daga bakina, don kowannensu in ya same ku shi kaɗai rabinta zai ba ku, rabin da ya yi masa daɗi.

Kun san 'Yan Asabar. Tun kuna firamare muke haɗuwa a bakin gadar Huonville kowace Asabar da safe, mu tuƙa kekunanmu har Cygnet, mu ci fai mai zafi, gasasshen ƙullin fulawar nan mai nama a ciki, a gidan burodin Maxine, mu juyo gida. Ko ana ruwa, ko ana ƙanƙara. Wanda zai jira rana ta fito a ƙasar nan kafin ya hau keke, tsatsa ce za ta gaji kekensa. Dokokinmu kuwa ba yawa. Mai usur shi ne a gaba: busa ɗaya rami, busa biyu mota, doguwar busa a tsaya. Sannan in sanyi ya shigo, duk wanda kekensa ba shi da marfin taya, wannan da ke tare taɓo, to wutsiya zai bi, don ba mai fitowa daga gidansa ya sha ruwan kwalta daga tayar wani.

Saboda wannan doka kawunku ya tsufa a wutsiya. Wai marfin taya na tsofaffin mata ne masu zuwa sayen ƙwai. Wai yana tare iska, yana rage gudu. Shi kuwa gudu, in ji shi, a jininsa yake, tunda ya taɓa wuce motar gidan waya a kan tudu. Ba ya dai faɗin cewa motar a tsaye take, direban yana zuba wasiƙu a akwati.

To, bana gwiwar babanku ta ƙi. Likita ya ce ya bar jan gaba. Rannan muna zaune a gidan burodi, tururi na tashi daga rigunanmu, sai ya ce Asabar ta sama zai miƙa usur. Duk idanu suka koma kan Nerida, tsohuwar nas ɗin nan da ke hawa tudu tana hira kamar a kan kujera take. Idon kawunku ne kaɗai ya koma kan usur.

"Athol," in ji shi, "kada ka wahalar da kanka da neman magaji. Ga shi nan zaune a gabanka."

Babanku ya waiga hagu, ya waiga dama. "Ina?"

"Ni mana!"

"Kai da ba mu san kalar bayan rigarka ba? Sarkin Wutsiya?"

Aka tuntsire da dariya. Kawunku ya ɗaga hannu kamar mai tsayar da mota. "Ku yi ta yi. Shekara da shekaru kuna jiƙewa kamar kajin da aka manta a waje, ba wanda ya taɓa zama ya yi tunani. Ni na yi. Ku ba ni gaba sau ɗaya, in isa nan kafin kowa, rigata kuma a bushe ƙayau, kamar daga igiyar shanya aka ciro ta."

"A watan Yuli?" in ji Nerida.

"Ko sama za ta tsage."

Ni da muka fito ciki ɗaya da shi na san gwangwani ne kawai ke ƙara. Na taka ƙafar babanku a ƙarƙashin tebur. Amma kun san babanku da ƙanin matarsa, in sun fara wasa ba ya jin taku. Ya buga tebur ya ce, "An gama! Asabar ka ja mu. In ka riga kowa isowa nan, da busasshiyar riga a jikinka, usur naka ne. Maxine, ki zama shaida."

Maxine ta ce, "Ni dai fai nake sayarwa, amma na ji."

Magana zarar bunu. Ta fita.

Daga ranar kawunku ya kulle kansa a ɗakin ajiyar kayansa. Lissafinsa mai sauƙi ne, kuma ya gamsu da shi ƙwarai: daga ina ruwa ke zuwa? Daga sama. Me ke tare abin da ya zo daga sama? Rufi. To me ya hana mutane yi wa keke rufi, in ba ƙarancin basira ba? Ya kwaso bututan robar da yake ba itatuwan tuffa ruwa da su, ya yanyanka, ya lanƙwasa, ya ɗaura biyu a kan keke, biyu a kariya. Ya yaye tamfol ɗin da ke rufe da itacen wutarsu ya ɗora a sama, ya bar itacen yana shan ruwa. Da ya ga gefe a buɗe, ya laɓaɓa banɗaki ya kwance labulen wankan matarsa Dulcie, wannan na leda mai zanen 'yan agwagi rawaya, ya zagaye rumfar da shi gaba da gefe.

Clarrie maƙwabcinsa, wanda shi ma ɗan Asabar ne, ya leƙo ta kan shinge. "Injiniya, akurki ake ginawa?"

"Keke ne."

"Ina keken?"

"Yana ciki."

"To, Allah ya fito da shi lafiya. Amma ban ga marfin taya ba."

"Clarrie, ka taɓa ganin ruwan sama ya taso daga ƙasa?"

"Kowace Asabar," in ji Clarrie.

Kawunku ya girgiza kai don tausayin jahilci, ya ci gaba da aiki. Da ya gama sai wata dabarar ta faɗo masa: ruwa na kawo tsatsa, tsatsa na kawo nauyi. Ya ɗauko gwangwanin giris ya shafe sarƙa, ya shafe feda, ya shafe kusoshi. Da ya ga giris ya yi saura, shi kuma ba ya son asara, sai ya bi ƙarfen tayoyin nan ya shafe su tas, daidai inda birki ke kamawa, har suna ƙyalli.

Da yamma Dulcie ta ɗaga murya daga banɗaki. "Lester! Ina labulena?"

"Yana hidimar jama'a!"

Asabar ta waye da irin yayyafin nan mai shiga ta wuya ya fita ta safa. Muna tsaye a bakin gada, kowa ya duƙunƙune cikin rigar ruwa, sai ga wani abu ya ɓullo daga kwana yana tangaɗi kamar ɗakin da ya sha giya. Karen mai gidan mai ya gan shi, ya yi haushi ɗaya, ya shige ƙarƙashin mota. Abin ya matso, ya tsaya, labule ya buɗe, sai ga kan kawunku da hular kwano.

"Barkanku da jiƙewa," in ji shi.

Clarrie ya cire tabarau ya goge. "Wallahi da gari ya waye ya ƙara muni."

"Lester," in ji Nerida, "kifi za ka sayar ko wasan yara za ka nuna?"

"Yi dariyarki yanzu, Nerida, anjima haƙoranki rawar sanyi za su yi."

Ta duƙa ta leƙa ƙarƙashin labulen. "Athol, tayarsa tsirara take. Haka za mu bi bayansa?"

Babanku ya sosa ƙeya. "Na riga na ce ya ja mu."

Na ce, "Lester, ka ji tsoron Allah ka koma gida."

"Yaya, kullum ke ce mai kashe wa mutum gwiwa. Tun muna yara."

"Da na kashe ta da kyau ai da ba mu ga wannan ba."

Babanku ya rataya masa usur, ya ce aro ne. Kawunku ya shafa shi kamar jariri, ya sa a baki, ya ja labule, aka ɗau hanya.

Ba mu bar gari ba matsalar farko ta sallama. Mutum a cikin leda, yana tuƙi yana huci, ga sanyi a waje: nan da nan labule ya yi hazo fari fat. Kawunku ba ya ganin komai sai 'yan agwagi. Ya goge da hannu, ya ga wani abu baƙi a gefen hanya, ya busa ɗaya. Muka kauce wa rami, ashe akwatin wasiƙu ne. Ya ga wani abu fari, ya busa biyu. Muka matse a gefe muna jiran mota, ashe tunkiya ce tana kallonmu. Can sai atishawa ta kama shi da usur a baki, ta fito doguwa. Duk muka danna birki a tare, Clarrie ya hau bayan Nerida, ni na hau bayan Clarrie, babanku ya rungumi shingen wani.

"Me ya faru?" babanku ya yi ihu.

"Gwaji ne!" in ji murya daga cikin labule. "Kun ci jarrabawa!"

Matsala ta biyu daga ƙasa ta zo, inda Clarrie ya faɗa. Tayar baya ta riƙa kwaso ruwan kwalta tana watsa wa kawunku a gadon baya. Wanda ya wuce bayan ya bugi cikin tamfol, ya taru, ya riƙa ɗigo masa a wuya. Tayar gaba kuma ta ɗauki nauyin gwiwoyi da haɓa. Mu a waje yayyafi muke sha, shi a ciki mamako ake yi masa, sama da ƙasa, ga labule ya hana ruwan fita. Ya ji sanyi na gangara masa har cikin wando, amma ya ce a ransa zufa ce, zufar jagoranci.

Sai muka iso inda shanun madara ke tsallaka titi kowace safiya. Kun san wurin. Kun kuma san abin da garken shanu ke bari a kan kwalta, da yadda yake komawa in ya sha ruwa. Babanku kullum a nan yake rage gudu, mu bi gefe a hankali. Kawunku da ba ya gani sai ya ji hanya ta yi laushi, ya ce to ga wurin nuna gudu.

Ni ce a bayansa. Abin da ya taso daga tayar nan, 'ya'yana, ba zan kira sunansa muna gaban abinci ba. Ya same ni a goshi, ya sami Nerida a tabarau, ya sami Clarrie a daidai lokacin da ya buɗe baki zai ce a yi hankali.

"Lester!" na ƙwala masa kira. "Rage gudu, ɗan banza!"

"Ba ku iya biyo ni ko? Ai na faɗa muku!"

"Kashin shanu kake yi mana feshi!"

"Me? Ƙara sauri? To!"

Clarrie ya tofar, ya sake tofarwa, ya ce mini, "Noelene, in na mutu ki gaya wa matata ciyawa ce ajalina, amma sai da ta bi ta cikin saniya."

Da muka hau kan tudun da ke kallon kogi, sai iskar nan mai saukowa daga duwatsu ta taso ta bayanmu. Mu ta ɗan tura mu kawai. Shi kuwa ta sami gida. Ta shiga ƙarƙashin tamfol, ta cika labule, rumfa ta kumbura kamar cikin mai wata tara. Kawunku ya ji feda ta yi sauƙi, ya ji keke na tafiya ba da ƙarfinsa ba, daɗi ya kashe shi. Ya zuro kai ta gefen labule.

"Nerida! Ina gudun naki? Athol! Ka gaya wa Maxine ta sa mini fai biyu! Au, na manta, ni zan riga ku!"

A nan tudu ya ƙare, gangara ta fara.

Ya ɗan taɓa birki don ya shiga kwana da ƙasaita. Birki ya shafi giris ya wuce kamar ana gaisawa. Ya matse da ƙarfi. Birki ya ce ban san ka ba. Ya sa ƙafa a ƙasa, takalmi ɗaya ya tafi abinsa. Daga nan ba mu ƙara jin busa ɗaya ko biyu ba, sai wata doguwar busa mai kuka, tana nisa tana nisa, har rumfar ta sha kwana ta ɓace.

Abin da ya biyo baya daga bakin Garnet na ji shi, mai gonar tuffa ta ƙasan gangaren, don yana tsaye a kan tarakta ya ga komai. A kwanar akwai wata bishiya mai reshe a kan hanya. Reshen ya kama tamfol, ya tumɓuke rumfar ɗungurungum, iska ta ɗauke ta ta wurga cikin kogi. Keke da mai shi, da suka rabu da kaya, sai suka ƙara mai. Suka shige ƙofar gonar Garnet da ke buɗe, suka ratsa layin itatuwa, suka watsa taron dinya, suka ƙare a tafkin da ake shayar da gona. Garnet ya ce bai taɓa ganin ruwa ya tashi sama haka ba tun da aka haƙa tafkin.

Ya jawo shi da ƙugiyar tsinko tuffa, ya kai shi gaban murhu. Kawunku na rawar sanyi, haƙora na kaɗawa, amma bakin bai mutu ba.

"Da gangan na shigo," in ji shi. "Ina gwada zurfin ne."

"To yaya ka same shi?"

"Ba laifi."

Kayan Garnet duk suna cikin injin wanki. Abin da ke bushe a jikin murhu na matarsa ne: rigar sanyi ta saƙa, ruwan hoda, mai manyan furanni a ƙirji, da wandon barci mai ɗigo-ɗigo, da silifas masu gashi. Kawunku ya sa, ya ji ɗumi ya ratsa shi. Ya shafa hannun rigar. A bushe. Ya sake shafawa. A bushe ƙayau. Sai idonsa ya yi wani haske da na sani tun yana ɗan shekara biyar, hasken da ke zuwa kafin a fasa tulu.

"Garnet, Cygnet za ka?"

"Yanzu ma. Zan kai 'yan aladu kasuwa, in ɗauko uwargida."

"Ta hanyar baya?"

"Ta fi kusa."

Aka jefa keke a bayan akori-kura, tayar gaba ta lanƙwashe kamar kunnen kofi. Gaban motar kare ya riga ya kama wuri kuma ya ƙi tashi, don haka kawunku ya zauna a baya cikin 'yan aladu, ya lulluɓa da buhu kada ɗigo ɗaya ya taɓa masa riga.

Mu kuwa fa? Mun sha kwana, ba Lester. Ga takalmi ɗaya a tsakiyar titi. Ga rumfa can tsakiyar kogi tana juyawa, 'yan agwagin labule na kallon sama. Babanku ya yi fari fat. Mutumin da likita ya hana hawa matakala, sai ga shi yana gangara gaɓar kogi da gindi, yana kiran "Lester! Lester!" Nerida ta tuɓe takalmi ta shiga ruwan nan mai yankan ƙashi har ƙugu. Clarrie ya kira 'yan agaji, ya kira Dulcie. Ni ina tsaye ina zaginsa ina hawaye, don ƙani ƙani ne ko da ba shi da kai.

Dulcie ta iso a mota daidai lokacin da Nerida ta jawo rumfar bakin gaɓa. Ta dubi abin, ta dafe ƙirji, ta ce, "Wayyo, labulena!" Sannan ta tuna, ta ce, "Wayyo, Lester!"

Sai ga motar 'yan agaji da jiniya, suna jan kwale-kwale. Wani ƙato ya diro yana goge miya a gemu, ya ce an tashe shi yana tsakiyar cin fai, wa ake nema?

Babanku ya ce, "Lester. Ƙanin matata. Gajere, mai surutu."

"Lester? Mai rigar mata?"

"Wace rigar mata?"

"Ruwan hoda, mai furanni. Ai yanzu na baro shi a gidan burodin Maxine, yana ba mutane labarin yadda ya tsere wa iska."

Nerida ta fito daga ruwa ta sa takalmanta a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Dulcie ta naɗe labulenta, yana zuba, ta sa a mota. Ban taɓa ganin 'Yan Asabar sun yi gudu irin na ranar ba, kuma ba mai usur.

Ranar kasuwa ce, gidan burodi cike maƙil. Kawunku na kan doguwar kujera a tsakiya, hular kwano a kai, usur a wuya, fai a kowane hannu. Muna shiga muka ji yana cewa, "…sai na waiga, na ga iskar ta gaji, na ce mata to sai kin iso."

Muka jeru a bakin ƙofa, ruwa na zuba daga jikinmu, ga abin shanu ya bushe mana a fuska. Mutane suka dare. Wata mata ta toshe hancin ɗanta.

"A'a, sai yanzu?" in ji kawunku. "Har na fara damuwa. Athol, zo ka taɓa." Ya miƙa hannun riga. "Taɓa mana, kada ka ji kunya. Maxine, wa ya fara isowa?"

Maxine ta ce, "Kai ne. Amma ni fai nake sayarwa."

"A bushe ko a jiƙe?"

"A bushe. Kana ɗan warin alade dai."

Nerida ce ta yi magana, leɓɓanta shuɗi don sanyi. "Lester, ina kekenka?"

"Yana hutawa."

"Ina rumfar?"

"Ta gama aikinta, na sallame ta."

"Mu muka tsamo ta. Har ƙugu na shiga ina laluben gawarka."

"To ai ga shi kin huta, ba ki same ta ba."

Clarrie ya ce, "Injiniya, rigar tsere ce wannan? A ina ake sayarwa? Ina so in saya wa kakata."

"Sabon yayi ne. Ba za ka gane ba."

Daidai nan ƙofa ta buɗe, Garnet ya shigo da keke a kafaɗa, ciyawar tafki na reto a jikin sarƙa. "Lester, ka manta wannan a motata. Aladu sun fara cin sirdin." A bayansa kuma ga matarsa, wadda ta tashi daga teburin sayar da zumarta. Mace ce mai jiki, ba ta son wargi. Ta tsaya. Ta dubi furannin nan. Ta dubi wandon. Ta dubi silifas.

"Garnet, me ya sa wannan mutumin yake sanye da kayan barcina a gaban duk garin Cygnet?"

"Tafki ya faɗa."

"Ya koma tafkin. Kai, cire."

"Haba, baiwar Allah," in ji kawunku, "a nan?"

"A nan ka sa su a kasuwa, a nan za ka cire. Rigar nan uwata ce ta saƙa."

Ya dubi babanku, babanku ya dubi rufi. Ya dube ni, na ce, "Tsuntsun da ya ja ruwa." Sai Dulcie ta fita, ta dawo da labule yana ɗiga, ta ware shi ta riƙe. "Shigo, maigida. Ai ka ce hidimar jama'a yake yi."

A bayan labulen nan ya tuɓe, gidan burodi na ta shewa, wasu har da hawa kujera. Ya fito naɗe da 'yan agwagi daga hammata zuwa gwiwa, ledar sanyi ta manne masa a jiki, ƙafa ba takalmi, hular kwano tana nan. Kowa ya ɗauka ya gama. Ina! Ya ɗaga yatsa, haƙora na kaɗawa, ya ce, "Athol, ka ce in riga kowa, da busasshiyar riga a jikina. Ka ce a kan keke? Ka ce rigar wa? Ba ka ce ba. Alkawari kaya ne. Usur ya zauna inda yake."

Nerida ta ce, "In ya zauna a wuyan nan, ni na bar Asabar." Clarrie ya ce shi ma. Sauran suka ce su ma.

Ni kuwa na taka na cire usur ɗin daga wuyan kawunku, na sa a aljihu, na ce Maxine ta ba ni fai, don na ga ba mai hankalin da zai ci.

Yau kwana nawa ke nan gidan nan ba lafiya. Babanku ya ce shi bai taɓa faɗin magana a gaban shaida ya janye ba, kuma ba zai fara da tsufansa ba. Amma in ya tuna ya gangara gaɓar kogi da gindi saboda mutumin da ke cin fai, sai ya ce gara ya jefa usur ɗin a kogi. Kawunku ya aiko Dulcie ta ce in ba a ba shi hakkinsa ba, ba zai ƙara taka ƙofar nan ba, ko ranar Kirsimeti. 'Yan Asabar sun ce in aka ba shi, kowa ya kama gabansa, tafiyar da muka fara tun kuna da majina a hanci ta watse ke nan. Ni ba zan yanke ba. In na bi miji a ce na yar da ɗan'uwa, in na bi ɗan'uwa a ce haukan na gado ne.

Kuma kada ku ce a bari ta huce. Jiya kawunku ya aiko a ba shi aron tsohon bahon wankanku na ƙarfe. Wai yanzu ya gano ruwan daga ƙasa yake zuwa.

Ga usur nan a kan tebur. Asabar jibi ce. Ba mai tashi daga nan sai kun ce ga wuyan da za a rataya wa, kuma ku za ku je ku faɗa wa wanda ya rasa, ba ni ba. Warwick, kai ne babba. Ajiye cokalin nan ka fara.